Hong Kong Gab da 1997: Tambayoyi da Amsoshi Kan Mulki, Kasuwanci da Jakadanci a Ƙarshen Zamanin Turawa

Da tsakar daren 30 ga Yuni, 1997, aka sauke tutar Birtaniya a Hong Kong aka ɗaga ta ƙasar Sin. Bikin bai daɗe ba, amma shirinsa ya ci shekara 15 ana ja-in-ja a kan kuɗi, filaye, kotuna, fasfo da kujerun majalisa. Tambayoyin nan sun shafi waɗannan shekaru ne, lokacin da mutum wajen miliyan 6 ke zaune a garin da an riga an sa ranar da zai canza hannu.

Yaya aka yi wannan yanki ya faɗa hannun Turawan Ingila tun farko?

Kashi uku aka karɓe shi, kuma bambancin kason nan uku shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. A ƙarni na 19 'yan kasuwar Ingila suna sayen ganyen shayi da siliki daga Sin, su kuwa ba su da hajar da Sinawa ke marmari, sai suka shiga kai musu ofiyam, abin maye da ake nomawa a Indiya. Da hukumomin Sin suka ƙwace kayan suka lalata a 1839, Ingila ta turo jiragen yaƙi. Sin ta sha kashi, ta sa hannu a yarjejeniyar Nanjing a 1842, ta sallama tsibirin Hong Kong har abada. Yaƙi na biyu ya ƙare a 1860 da sallama gaɓar Kowloon, ita ma har abada. Kaso na uku, wanda ake kira Sabbin Yankuna, haya aka karɓe shi ta shekara 99, daga 1 ga Yuli, 1898. Wa'adin hayar nan ne ya cika a 1997.

To in tsibirin da Kowloon mallaka ce ta har abada, me ya sa Birtaniya ta mayar da duka?

Domin ba sa rabuwa. Yankin haya shi ne kusan kashi 90 cikin 100 na faɗin ƙasar. A cikinsa manyan madatsun ruwa suke, da tashar kwantena ta Kwai Chung, da sabbin garuruwa irin su Sha Tin da Tuen Mun inda aka zuba jama'a. Kamar mutum ne ya mallaki zaure da turaka, amma tsakar gida da rijiya da madafi duk na haya ne. Ga shi kuma tun 1965 ake turo wa garin ruwan sha daga kogin Dongjiang na cikin Sin, kayan miya da nama kuwa kullum ta kan iyaka suke shigowa. Ita Sin dama ba ta taɓa yarda da halaccin yarjejeniyoyin uku ba, a wajenta duk da bakin bindiga aka karɓe su.

Akwai Baturen da ya hango wannan matsala tun da wuri, kuma mu a Arewa mun san shi: Gwamna Lugga. Bayan ya bar Arewacin Najeriya a 1906, an tura shi gwamnan Hong Kong daga 1907 zuwa 1912, kafin ya dawo ya haɗe Kudu da Arewa a 1914. Yana can ya ba da shawarar a mayar wa Sin wata tashar ruwa da Ingila ke riƙe da ita, Weihaiwei, ita kuma ta bar wa Ingila Sabbin Yankuna har abada. Landan ba ta ɗauki shawarar ba. Shi ne ya tsaya aka kafa Jami'ar Hong Kong, kuma har yau akwai titi mai sunansa a kan dutsen da ke kallon garin.

Me ya hana a ba ta 'yancin kai kamar yadda aka ba Najeriya da Gana?

An toshe wannan ƙofa tun 1972. Sin na karɓar kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya, jakadanta Huang Hua ya rubuta takarda a watan Maris yana neman a cire Hong Kong da Makau daga jerin yankunan da ke jiran cin gashin kai, bisa hujjar cewa ƙasar Sin ce aka mamaye, kuma lamarin na cikin gida ne. Kafin ƙarshen shekarar an cire su, Birtaniya ba ta yi wata jayayya ta a zo a gani ba.

Nan ne babban bambanci da abin da iyayenmu suka gani. Kafin 1960, Sardauna da Azikiwe da Awolowo da Malam Aminu Kano sun zauna da Turawa a tarukan tsarin mulki na Landan da Legas, sun yi musu, sun tashi baran-baran, sun sake zama. Mutanen Arewacin Kamaru ma, a Fabrairun 1961, akwati aka ajiye musu aka tambaye su inda suke so, suka zaɓi Najeriya. Mutanen Hong Kong ba a taɓa ajiye musu irin wannan akwati ba.

Wane irin mulki ake yi a garin a zamanin Turawa?

Gwamna ne wuƙa da nama. Sarauniya ke naɗa shi bisa shawarar gwamnatin Landan, shi ke shugabantar Majalisar Zartarwa, har zuwa 1993 shi ke shugabantar Majalisar Dokoki, kuma har zuwa 1985 babu ɗan majalisar da ya shigo ta hanyar zaɓe. Manyan ma'aikata ne da attajirai da lauyoyi da gwamna ya ga dama. Akwai maganar da aka daɗe ana yi a garin, wai masu mulkin Hong Kong huɗu ne: kulob ɗin sukuwar dawaki, kamfanin Jardine, bankin HSBC, sannan gwamna a ƙarshe.

Bayan Japan ta mamaye garin daga Disambar 1941 zuwa Agustan 1945, Gwamna Mark Young ya kawo shirin ba jama'a ƙuri'a a majalisar gari, amma aka binne shirin a 1952. Tarzomar 1967, wadda ta ci rai 51, ita ta farkar da gwamnati. A zamanin Murray MacLehose, daga 1971 zuwa 1982, aka gina gidajen gwamnati birjik, aka mayar da karatun shekara 9 kyauta, aka amince da Sinanci a matsayin harshen hukuma a 1974, aka kuma kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICAC a wannan shekarar, bayan wani babban ɗan sanda Bature, Peter Godber, ya tsere da dukiyar da ya tara. Saboda haka mutumin Hong Kong na shekarun 1980 yana da kotun da zai kai gwamnati ƙara ya ci, yana da jaridar da za ta zagi gwamna ta kwana lafiya, amma ba shi da ƙuri'ar da zai sauke kowa.

Wa ya fara tayar da maganar 1997?

Birtaniya ce, kuma bankuna ne suka ingiza ta. A Hong Kong ƙasa ta gwamnati ce, haya take bayarwa, kuma takardun filayen Sabbin Yankuna duk an rubuta za su ƙare 27 ga Yuni, 1997, kwana uku kafin wa'adin babbar hayar. Bashin sayen gida kuwa yawanci na shekara 15 ne. Ke nan daga 1982 duk bankin da ya ba da bashi, ya bayar a kan filin da ba a san mai shi ba ranar da za a gama biya. MacLehose ya je Beijing a Maris 1979 ya gabatar wa jagoran Sin Deng Xiaoping matsalar. Deng ya ƙi dabarar da aka kawo masa ta tsawaita takardun, ya ce dai a gaya wa masu zuba jari su kwantar da hankalinsu. Wannan ɓangaren na maganar shi gwamna ya dawo ya yayata.

Me ya faru da firaministar Birtaniya Margaret Thatcher ta je Beijing?

Ta je a Satumbar 1982, 'yan watanni bayan ta ci Ajantina da yaƙi a tsibiran Falkland, tana riƙe da hujjar cewa yarjejeniyoyin ƙarni na 19 suna nan daram. Deng ya ce maganar mallaka ba abar tattaunawa ba ce, kuma duk gwamnatin Sin da ta kasa karɓo Hong Kong a 1997 ta zama ɗaya da Li Hongzhang, jami'in da ya sa hannu a hayar 1898. Kamar yadda Thatcher ta bayar da labari daga baya, ya kuma nuna mata cewa in Sin ta ga dama za ta iya shiga ta karɓe garin a yini guda. Da ta fito daga babban zauren taron ta yi tuntuɓe a kan matakala, talabijin ɗin Hong Kong ya yi ta maimaita hoton.

Daga Yulin 1983 aka shiga zama na ƙa'ida, zagaye 22. Birtaniya ta fara da tayin cewa Sin ta karɓi mallaka a suna, Turawa su ci gaba da gudanar da mulki. Sin ta ce atafau, ta kuma sa wa'adi: in ba a cimma matsaya ba zuwa Satumbar 1984, za ta sanar da nata tsarin ita kaɗai. A Afrilun 1984 ministan harkokin wajen Birtaniya, Geoffrey Howe, ya tsaya a Hong Kong ya faɗa wa jama'a cewa mulkin Birtaniya ba zai wuce 1997 ba.

Gaskiya ne kuɗin garin ya kusa rushewa a lokacin?

Gaskiya ne. Ranar Asabar 24 ga Satumba, 1983, bayan an tashi wani zama ba tare da labari mai daɗi ba, dalar Hong Kong ta faɗi har dalar Amurka ɗaya ta kai wajen 9.6. Mutane suka afka kantuna suna kwasar shinkafa da man girki da takardar bayan gida, wasu masu shaguna suka fara neman a biya su da dalar Amurka. A tsakiyar Oktoba sakataren kuɗi John Bremridge ya ɗaure kuɗin a kan 7.80. Yadda tsarin ke aiki mai sauƙi ne: bankin da ke buga takardar kuɗi ba zai fitar da dalar Hong Kong 7.80 ba sai ya ajiye dalar Amurka ɗaya a asusun gwamnati. Abin da aka sadaukar shi ne ikon juya kuɗin ruwa yadda ake so, domin dole ya riƙa bin na Amurka. Ɓangarorin biyu sun ga abin da jita-jita za ta iya yi wa garin cikin kwana biyu, kuma daga nan suka rage zafin baki a bainar jama'a.

Me yarjejeniyar 1984 ta ƙunsa?

Thatcher da firaministan Sin Zhao Ziyang suka sa mata hannu ranar 19 ga Disamba, 1984, aka kuma yi mata rajista a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1985. Ginshiƙinta shi ne tsarin Deng na ƙasa ɗaya, tsari biyu. Beijing za ta riƙe tsaro da harkokin waje. Sauran kuwa na Hong Kong ne har shekara 50, wato zuwa 2047: dokokinta da kotunta ta ƙarshe, kuɗinta, kwastan ɗinta, 'yancin magana da na jarida da na addini da na taro, kuma gwamnatin tsakiya ba za ta karɓi haraji ko sisi a garin ba.

Duk wanda ya karanta takardar zai ga inda aka yi taka-tsantsan da inda aka bar ƙofa a buɗe. Maganar filaye an ware mata rataye na musamman: gwamnatin Turawa ba za ta sayar da sabon fili fiye da hekta 50 a shekara ba sai da yardar kwamitin haɗin gwiwa, kuma rabin ribar a ajiye wa gwamnati mai zuwa. Maganar majalisa kuwa layi ɗaya ne, cewa za a kafa ta ta hanyar zaɓe. Wane irin zaɓe, su wa za su yi shi, ba a faɗa ba. Shugaban yankin ma an ce ta zaɓe ko ta tuntuɓa za a samo shi. Rigimar shekara 13 da ta biyo baya kusan duk daga waɗannan gajerun layuka ta fito.

Mutanen Hong Kong sun zauna a teburin tattaunawa?

A'a. Sin ta nace cewa magana ce tsakanin ƙasashe biyu, babu na uku. Da Gwamna Edward Youde ya ce yana wakiltar jama'ar Hong Kong, nan take Beijing ta mayar da martani cewa shi ɗan tawagar Birtaniya ne kawai. A Yunin 1984 manyan 'yan majalisa uku, Chung Sze-yuen da Lydia Dunn da Lee Quo-wei, sun je wajen Deng don su kai masa damuwar jama'a, ya tarbe su da cewa a matsayin kansu suka zo. Bayan an kammala daftari an buɗe ofishin jin ra'ayi, amma an gaya wa mutane ba za a sauya ko harafi ba: ko wannan yarjejeniya, ko babu yarjejeniya. A kwamitin da ya rubuta Babbar Dokar yankin, wato kundin tsarin mulkinsa na bayan 1997, wadda aka zartar ranar 4 ga Afrilu, 1990, mutum 23 ne 'yan Hong Kong cikin 59, kuma Beijing ce ta zaɓo su.

Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a duk labarin. Da yawa daga cikin waɗannan mutane ko iyayensu gudowa suka yi daga cikin Sin, wasu ta ninƙaya, lokacin yaƙin basasa da yunwar farkon shekarun 1960 da juyin al'adu na Mao. Su suka gina arzikin da ake ciniki a kansa.

Ta yaya yankin da ba ƙasa ba ya samu kujera a ƙungiyoyin ciniki na duniya?

A nan ne ɓangarorin biyu suka yi aiki mafi kyau, kuma ba tare da hayaniya ba. Hong Kong tasha ce da ba a biyan kuɗin fito, in ban da haraji a kan 'yan kayayyaki irin su giya da taba da mai. Tufafin da take kai wa Amurka da Turai kuwa a lokacin da ƙayyadadden kaso ake shigar da su, kuma kason nata daban yake da na Sin. Da an wayi gari a 1997 an haɗe ta da Sin a takardun kwastan, da masaƙu da 'yan fito sun shiga uku. Sai kwamitin tuntuɓa na haɗin gwiwa, wanda aka kafa a 1985, ya fara da wannan. A Afrilun 1986 Hong Kong ta zama mamba mai zaman kanta a yarjejeniyar ciniki ta GATT. A 1991 ta shiga APEC, ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arzikin ƙasashen Asiya da Fasifik, a 1995 kuma tana cikin waɗanda suka kafa Hukumar Ciniki ta Duniya, shekara shida kafin ita Sin ɗin kanta ta samu shiga. Amurka ta yi doka a 1992 cewa za ta ci gaba da ɗaukar garin daban da Sin a harkar ciniki, muddin yana da cin gashin kansa na gaske. Yarjejeniyoyin sufurin jiragen sama da na miƙa masu laifi, waɗanda da a ƙarƙashin sunan Birtaniya suke, ɗaya bayan ɗaya aka sake ƙulla su da sunan Hong Kong.

Tun kafin a miƙa mulki ma tattalin arzikin ya riga ya haɗe. Da Sin ta buɗe Shenzhen a 1980, masu masana'antun Hong Kong suka riƙa kwashe injinansu zuwa lardin Guangdong inda lebura da fili ke da araha, suka bar ofis da banki da inshora da tashar jiragen ruwa a gida. A shekarun 1990 tashar kwantenar garin ita da ta Singafo ke rige-rigen zama ta ɗaya a duniya. A 1997 arzikin wannan ɗan ƙaramin wuri ya kai kusan kashi 18 cikin 100 na na Sin baki ɗaya, wanda ya isa ya nuna dalilin da ya sa Beijing ba ta so a taɓa kasuwar.

Manyan kamfanoni sun gudu?

Sun raba ƙafa. Jardine Matheson, wanda da cinikin ofiyam ya tashi, ya sanar a Maris 1984 cewa zai mayar da rajistarsa Bermuda, ana tsakiyar tattaunawa, kuma Beijing ta daɗe ba ta manta ba. HSBC ya sayi bankin Midland na Ingila a 1992 ya mayar da hedikwatar rukuninsa Landan a 1993, amma harkarsa ta Hong Kong ba ta motsa ba. Kamfanin Swire ya bi wata hanya, ya bar kamfanin gwamnatin Sin, CITIC, ya sayi hannun jari a kamfaninsa na jiragen sama, Cathay Pacific, tun 1987. A ɗaya gefen, Bankin Sin ya gina dogon bene a tsakiyar gari, ya kuma fara buga takardar kuɗin Hong Kong a 1994.

Akwai wata alaƙa tsakanin wannan labari da ƙasar Hausa?

Bayan Lugga, akwai ta masaƙa. Cha Chi-ming, attajirin Hong Kong wanda rukunin kamfanoninsa ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna a 1964, yana cikin mutum 23 ɗin nan da suka zauna a kwamitin rubuta Babbar Doka, kuma yana ɓangaren masu son a tafi da zaɓe sannu a hankali. Atamfar da ta fito daga Kaduna a waɗannan shekaru da jarin Hong Kong aka buga wani kaso nata. Tururuwar 'yan kasuwarmu zuwa ginin Chungking Mansions da ke titin Nathan a Kowloon, kusa da babban masallacin garin, don sarin wayoyi da tufafi, ta fi ƙarfi ne bayan 1997, kuma abin da ya ba ta dama shi ne tsarin shige da fice da na kwastan na garin ya ci gaba da zama daban da na Sin.

Me abin da ya faru a dandalin Tiananmen ya sauya?

Kusan komai. A Mayun 1989 mutum wajen miliyan ɗaya suka fito titunan Hong Kong suna goyon bayan ɗaliban da ke zanga-zanga a dandalin Tiananmen na Beijing, a garin da ake cewa mutanensa kuɗi kawai suka sani. Bayan sojoji sun buɗe wuta ranar 4 ga Yuni, jama'a suka dubi 1997 da wani ido. Ita ma Beijing ta dubi Hong Kong da wani ido, domin daga can aka tara wa ɗalibai gudummawa, ta can kuma aka fitar da waɗanda ake nema. 'Yan rajin dimokuraɗiyya Martin Lee da Szeto Wah suka rasa kujerunsu a kwamitin Babbar Doka, aka kuma tsaurara sashe na 23 mai magana kan cin amanar ƙasa da neman kifar da gwamnati. Don kwantar da hankali, gwamnatin Turawa ta kawo abu uku: dokar kare haƙƙin ɗan Adam ta 1991, fasfo ga wasu, da sabon filin jirgin sama. Kowannensu ya jawo faɗa da Beijing.

Su wa aka ba fasfon Birtaniya?

Kaɗan. Tun dokokin 1962 da 1981 aka rufe wa talakawan Sarauniya na Hong Kong ƙofar zama a Ingila. Fasfon da aka ƙirƙira musu, wanda aka fara bayarwa a 1987, na tafiye-tafiye ne, a lokacin ba ya ba mutum izinin zama a Birtaniya. Bayan 1989 aka yi doka a 1990 da ta ba magidanta 50,000 da iyalansu cikakken zama ɗan ƙasa, aka zaɓo su da maki bisa aiki da ilimi, da nufin su samu natsuwar ci gaba da zama a Hong Kong. Fotugal mai mulkin Makau a lokacin, wadda ba ta kai Birtaniya arziki ba, ta ba mutanen Makau da suka cancanta cikakken fasfonta. Masu hali a Hong Kong suka nemi mafita da kansu: a farkon shekarun 1990 mutum wajen 60,000 ke barin garin duk shekara, yawanci zuwa Kanada da Ostireliya da Amurka. Sau da yawa maigida kan kai iyali Vancouver ko Toronto, ya dawo ya ci gaba da kasuwancinsa yana zirga-zirga. 'Yan asalin Indiya da Pakistan da aka haifa a garin, waɗanda ba Sinawa ba ne ballantana su zama 'yan ƙasar Sin, sai a farkon 1997, 'yan watanni kafin miƙa mulki, aka yi musu doka.

Me ya sa filin jirgin sama ya zama rigimar ƙasa da ƙasa?

Tsohon filin Kai Tak a tsakiyar unguwa yake. Jirgi kan shigo ƙasa-ƙasa ta saman rufin gidajen Kowloon, ya karya kwana dab da sauka, har fasinja na iya hango shanyar mutane a baranda. Kowa ya san ana buƙatar sabo. Amma da Gwamna David Wilson ya sanar da aikin Chek Lap Kok a Oktoban 1989 ba tare da ya shawarci Beijing ba, sai Sin ta yi zargin dabara ce ta kwashe baitulmali a ba kamfanonin Birtaniya kwangila kafin a tafi. Bankuna kuma suka ƙi ba da bashin da biyansa zai wuce 1997 sai da amincewar Sin. Dole firaministan Birtaniya John Major ya je Beijing a Satumbar 1991 ya sa hannu tare da firaministan Sin Li Peng, aka yi alkawarin barin aƙalla dalar Hong Kong biliyan 25 a asusu. Ziyarar kanta riba ce ga Sin, a lokacin da shugabannin Yamma ke ƙaurace mata. Filin bai buɗe ba sai Yulin 1998.

Me Chris Patten ya yi da ya fusata Beijing haka?

Patten ɗan siyasa ne, tsohon shugaban jam'iyyar Conservative da ya faɗi zaɓe a mazaɓarsa. Ya iso a Yulin 1992 a matsayin gwamna na 28, ya ƙi sa farin kaki da hular gashin tsuntsu, ya riƙa shiga kasuwanni yana amsa tambayoyin jama'a. An riga an yarda cewa a zaɓen 1995 kujeru 20 cikin 60 jama'a za su zaɓa kai tsaye, 30 na ƙungiyoyin sana'a ne, 10 na kwamitin zaɓe. Patten bai taɓa waɗannan alƙaluma ba. Abin da ya yi a Oktoban 1992 shi ne faɗaɗa masu jefa ƙuri'a: ya rage shekarun zaɓe daga 21 zuwa 18, sabbin kujerun sana'a guda 9 ya buɗe su ga ma'aikata wajen miliyan 2.7, kwamitin zaɓe kuma ya ce zaɓaɓɓun kansiloli ne za su cika shi.

Beijing ta ce ya saɓa wa yarjejeniya da Babbar Doka da wasiƙun da ministocin waje suka yi musaya a 1990. Lu Ping, jami'in Sin mai kula da harkokin Hong Kong, ya kira shi mai laifin da tarihi ba zai yafe wa ba. An yi zama 17 a 1993 ba a daidaita ba. A zaɓen Satumbar 1995 jam'iyyar Democratic ta Martin Lee ta zo ta ɗaya da kujeru 19. Sin ta ce wannan majalisa ba za ta zarce ba. Kwamitin mutum 400 ya zaɓi attajirin jiragen ruwa Tung Chee-hwa shugaban yanki ranar 11 ga Disamba, 1996, da ƙuri'a 320, sannan ya zaɓi majalisar riƙon ƙwarya wadda ta riƙa tsallaka iyaka tana zama a Shenzhen. Wata shida garin yana da majalisa biyu.

Tsoffin jakadun Birtaniya irin su Percy Cradock sun ce Patten ya jawo wa garin asara, domin da ya bi a hankali da majalisar 1995 ta kai 1999. Akwai gaskiya a ciki. Amma a ganina babban laifin ya girmi Patten: ƙasar da ta mulki wuri shekara 150, sai a shekara shida na ƙarshe ta bari aka yi zaɓen kai tsaye na farko na Majalisar Dokoki, a 1991. Da an yi shi tun zamanin Young, da rushe shi ya yi wuya.

Wa ke wakiltar Sin a garin, kuma yaya aka yi da ofisoshin jakadancin sauran ƙasashe?

Sin ba ta buɗe ofishin jakadanci ba, domin hakan amincewa ne cewa garin ƙasar waje ce. Reshen kamfanin dillancin labarai na Xinhua shi ke wannan aiki. Shugabansa Xu Jiatun ya tsere Amurka a 1990, Zhou Nan ya gaje shi. Ƙasashen da ke hulɗa da Taiwan kuwa an nuna musu ƙananan ofisoshin jakadancinsu ba za su ci gaba yadda suke ba, kuma wannan na cikin abin da Afirka ta Kudu ta auna kafin Mandela ya sanar a Nuwambar 1996 cewa za su koma hulɗa da Beijing. Sin ta kuma nace a kwashe 'yan gudun hijirar Biyetnam kafin ranar. Fiye da 200,000 ne suka iso ta kwale-kwale tun 1975, an fara mayar da wasu da ƙarfi a Disambar 1989, amma sansani na ƙarshe sai a 2000 aka rufe shi.

Yaya daren ya kasance?

An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. An riga an cire kan Sarauniya daga sulalla tun 1993, an kuma naɗa Sinawa a manyan muƙamai: Anson Chan babbar sakatariya a 1993, Donald Tsang sakataren kuɗi a 1995. A zauren taro na Wan Chai, Yarima Charles da Tony Blair suna gefe guda, shugaban Sin Jiang Zemin da Li Peng suna ɗaya gefen, Kofi Annan yana cikin baƙi. Deng bai gani ba, ya rasu a Fabrairu. Charles da Patten suka bar garin a jirgin ruwan Britannia. Blair da sakatariyar harkokin wajen Amurka Madeleine Albright sun ƙi halartar rantsar da majalisar riƙon ƙwarya. Martin Lee ya hau barandar ginin majalisa ya gaya wa jama'a za su dawo. Da asuba sojojin Sin wajen 4,000 suka tsallako iyaka.

Abin da aka shirya ya ɗore?

Gwajin farko ya zo washegari, 2 ga Yuli, da Tailan ta saki kuɗinta, rikicin kuɗi ya mamaye Asiya. A Agustan 1998 gwamnatin Hong Kong ta sayi hannun jari na kimanin dalar Hong Kong biliyan 118 don ta karya masu caca a kan kuɗinta, kuma ta yi nasara. Har yau dalar tana ɗaure, tsakanin 7.75 da 7.85, kuma garin na nan da kujerarsa a Hukumar Ciniki ta Duniya. 'Yan Democratic sun dawo majalisa a zaɓen 1998 kamar yadda Lee ya ce. Bayan zanga-zangar 2014 da ta 2019, Beijing ta kafa dokar tsaron ƙasa ranar 30 ga Yuni, 2020. Birtaniya ta ce an karya yarjejeniyar 1984, ta buɗe wa masu fasfon 1987 hanyar zama a ƙasarta daga Janairun 2021, Sin kuma ta ce lamarin na cikin gida ne. A 2021 aka sake fasalin majalisar, kujeru suka koma 90, waɗanda jama'a ke zaɓa kai tsaye 20.